Injin jirgin ruwa a cikin tsohuwar mota: kafin ka tura wa bakanikenka bidiyon nan

Idan kana cikin masu kwana a TikTok da YouTube, da wuya a ce irin bidiyon nan bai taɓa faɗo maka ba. Wani Ba'amurke, hannu duk baƙin mai, ya janyo wani ruɓaɓɓen jirgin ruwa na shaƙatawa daga bayan gida, ya zare injinsa, ya ɗora a cikin tsohuwar Chevrolet da ta girmi babanka. Ana ta kiɗa minti takwas, sai ka ji an murɗa makulli, mota ta yi gurnani ta fita tana tayar da ƙura. Ka gangara wajen kwamen kuwa, 'yan gida ne maƙil. Wannan ya ce Bature ba dama, wancan ya kira sunan abokinsa ya ce ga maganin Golf ɗinka, wani kuma ya rantse akwai wanda zai yi abin da ya fi haka a Ƙofar Ruwa, gwamnati ce kawai ba ta taimakawa.

Da a ce shekara biyar da suka wuce ne, da mun yi dariya mun wuce. Yanzu ba haka ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk wani zance da ya shafi inji ya zama zancen aljihu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 a Yulin shekarar, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu ɗaya a Abuja. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024. Injin Beljiyam da dala ake shigo da shi, saboda haka shi ma ya bi ta. Sakamakon kana ganinsa a unguwarku: motocin da aka jingine a ƙofar gida, taya ta sace, yara sun mayar da su wurin wasa. Mai irin wannan motar, in ya ga an ce akwai wata hanya mai araha da za a tayar da ita, zai saurara. Wasu ma za su kashe kuɗi. Shi ya sa na ga ya kamata mu buɗe bonet ɗin mu ga abin da ke ciki.

Abu na farko da bidiyon ba ya gaya maka shi ne, injin da ake kira na jirgin ruwa ɗin nan asalinsa na mota ne. Kamfanonin da suka yi suna a wannan harka, irin su MerCruiser da Volvo Penta, sun shafe shekaru masu yawa suna sayen bulok daga General Motors, su yi masa gyaran da zai dace da ruwa, su fente shi, su sa sunansu. Mai fulogi takwas ɗin da ka fi gani, mai lita 5.7, ɗan gidan injin da Chevrolet ta fara fitarwa a 1955 ne, shi kansa mai lita 5.7 ɗin kuma a 1967 ya fara shiga mota. Haka mai fulogi shida mai lita 4.3. Akwai kuma ƙarami mai fulogi huɗu mai lita 3.0, wanda ya samo asali daga injin wata Chevrolet ta farkon shekarun 1960. To ka ga, wanda ya ɗauke shi daga jirgi ya sa a tsohuwar Chevrolet bai ƙirƙiri komai ba, ɗa ne ya koma gidan ubansa. Ramukan noti sun yi daidai, giyabos ya shiga, wurin zaman inji ya karɓa. Kuma a can jiragen shaƙatawa da suka ruɓe suna da yawa, wani lokaci mai shi neman wanda zai kwashe masa yake yi don ya huta da kuɗin ajiya.

Duk da haka ba ɗauka-ka-ɗora ba ne. Jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Da yawansu ruwan tafkin ko na tekun suke zuƙa kai tsaye, ya zagaya cikin inji, ya fita ta wajen hayaƙi. Don haka bututun hayaƙinsa ma ruwa ke zagaye shi, nauyi gare shi, kuma ba shi da amfani a titi. Sai an cire shi an sa na mota, an kawo lagireto da fanka da famfon ruwa, an canja tamostat, domin na jirgi yakan buɗe tun zafi bai wuce digiri 60 zuwa 70 ba, na mota kuwa sai ya haura 80. Kamshaf ɗinsa an yanka shi ne don aiki iri ɗaya: a taka a riƙe. Jirgi ba ya gangara, ba ya sauya giya, ba ya hutawa a danja. Tun da ya tashi yake turin ruwa, kamar motar da ke hawan tudu da kaya ba ta taɓa kai ƙarshensa ba. Shi ya sa ba a lissafa shekarunsa da kilomita, da awa ake yi, kuma masu harkar kan ce na fetur in ya yi awa 1,500 ya fara neman a sauke shi. Wanda ya yi rayuwarsa a ruwan gishiri kuwa, waje fes da fenti, ciki tsatsa ta cinye hanyoyin ruwan. Kallon kitse kake yi wa rogo.

Ga wani abin da ya fi ba ni dariya. A wasu jiragen masu inji biyu, musamman tsofaffi, ɗaya daga cikin injinan da gangan ake yin sa yana juyawa ta baya, don farfelolin biyu su daidaita jirgin kada ya riƙa karkata. In tsautsayi ya sa wannan ka saya ka haɗa shi da giyar hannu, ka samu mota mai ribas huɗu da giyar gaba ɗaya.

Abin da ya fi sauƙi, kuma ya fi yawa a tsakanin masu wannan sha'awa, shi ne ɗaukar wasu kayan kawai. Marufan ramukan bulok na jirgi na tagulla ne, ba sa tsatsa kamar na mota. Gasket ɗinsa ya fi jure ruwa. Kik da altaneta an rufe su yadda tartsatsi ba zai fito ba. Waɗannan in ka sa a mota ba abin da zai faru, illa ka biya tsada. Akasin haka ne ke kisa. Fetur in ya ɗiga daga mota ƙasa yake zuba, iska ta kwashe tururin. A jirgi kuwa tururin ya fi iska nauyi, sai ya taru a ƙasan ciki ba shi da mafita, ranar da kik ɗin mota mai fitar da tartsatsi ya haɗu da shi, shi ke nan.

Yanzu dawo gida. Kai in aka ce maka injin jirgin ruwa, me ke zuwa ranka? Na san ba MerCruiser ba ne. Yamaha ne mai doki 40 ko 75 da ake rataya wa a bayan kwale-kwale a Yawuri ko Lakwaja ko Baga. Wannan wata halitta ce dabam. A tsaye yake, karanshaf ɗinsa ƙasa yake kallo, alhali na mota a kwance yake. Yawancin waɗanda ke hannun mutanenmu irin waɗanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, kamar ƙaramin janareto Tiger na shagon caji. Sanyinsa daga kogin yake samu ta wani ɗan famfo mai fukafukan roba, in ka tayar da shi a tudu ba ruwa, kafin ka gama gaisawa da mutane robar ta ƙone. Ba ya haɗuwa da kuloci, ba ya haɗuwa da giyabos. Duk wanda ya ce maka zai sa wannan a Golf ko 504 ta kai ka Zariya, ko dai yana neman mabiya ne ko yana neman kuɗinka. Balle ma sabonsa ba araha ba ne, tambayi masunta.

To a ce ma ka samu na Amurkan, wani ya sako maka shi a kwantena. Bulok ɗin ƙarfe ne zalla, da kayansa ya haura kilo 250. Injin Golf 3 a gicciye yake, tayoyin gaba yake ja, wannan kuwa a miƙe yake zama, tayoyin baya yake so. Ko a 504 da ke jan baya, sai ka sake sifirin, ka sake burki, ka sake aksul, in ba haka ba ranar farko da ka taka da ƙarfi farfela za ta rabu da kai a titi. Sannan mu zo ga mai. Tsohon inji mai fulogi takwas da kafireto, lita 15 zuwa 20 yake sha a kilomita ɗari. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Yi lissafin da kanka: lita 35 zuwa 46 tafiya kawai, inda Golf mai lafiya za ta je da kusan rabin haka. Wato mutumin da tsadar mai ta sa ya ajiye mota, an kawo masa maganin da zai ninka masa kuɗin mai. Ba'amurken da ka gani ba da wannan motar yake zuwa aiki ba. Ta ranar Asabar ce. A Kalifoniya ma, jihar da ta fi kowa tsananin dokar hayaƙi, motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba a kai ta gwajin hayaƙi, wannan na cikin dalilan da suka sa a tsofaffin motoci ake wannan wasa.

In kana neman inda ake irin wannan aiki don dole, ba don nishaɗi ba, Kyuba za ka duba. Kafin juyin juya halin 1959, tsibirin cike yake da motocin Amurka. Bayan Fidel Castro ya karɓi mulki dangantaka ta lalace, a Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba cikakken takunkumin ciniki. Sabuwar mota ta daina zuwa daga can, kayan gyara suka yanke. Ƙari a kan haka, har zuwa 2011 motocin da suka shigo kafin juyin ne kaɗai talaka ke da damar saye da sayarwa ba tare da izini na musamman ba. Sai tsohuwar Chevrolet da Buick da Ford suka zama gado, kamar gona. Ana yawan ƙiyasta cewa kusan 60,000 daga cikinsu suna nan. Amma buɗe bonet ka sha mamaki. Jiki na Amurka, inji na dizal na Toyota ko Hyundai ko Mercedes, wata da kayan motocin Tarayyar Sobiyet, wata ma injin da aka ciro daga jirgin ruwa ko wata na'urar. Da yawansu haya suke yi a Habana, a cika su da fasinja kamar yadda ake cika Golf a tashar Unguwa Uku.

Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna cewa abin sha'awa. Ni ban ga abin sha'awa a wajen direban ba. Mota ce ta shekara saba'in, ba bel, burkinta na zamanin da, tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma ba don yana ƙaunar tarihi yake tuƙa ta ba. A Maris ɗin 2024 gwamnatinsu ta ninka kuɗin fetur fiye da sau biyar, lita ta tashi daga peso 25 zuwa 132. Ka ji kamar ka san labarin, ko?

Su ne ma suka yi abin a juye. A Yulin 2003, masu gadin tekun Amurka suka tare wata babbar motar Chevrolet ƙirar 1951 tana tafiya a kan teku, mutum 12 a ciki, an ɗaure mata durom-durom a gefe, an haɗa farfelar jirgi da injinta, sun nufi Filorida. An mayar da su gida, motar kuma aka nutsar da ita. Bayan 'yan watanni wasu daga cikinsu suka sake gwadawa da wata Buick. A Tailan kuwa wannan ba labari ba ne, injin mota ake ɗorawa a bayan kwale-kwale da doguwar sanda mai farfela a ƙarshe, haka ake sufuri kullum.

Abin da ya sa na tsaya a Kyuba shi ne, hanyar da muke kai ta fi kama da tasu fiye da ta mai gemun YouTube. Mu ma ƙasa ce da ke rayuwa da tsofaffin motoci. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa mota a 1975, ya yi ta fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da mantawa da ita. Yau mafi yawan abin da ke titinmu wani ya gama hawa a Turai ko Amurka. Kuma sauya inji ba baƙon abu ba ne a wajen kanikawanmu. A Ƙofar Ruwa, a Panteka ta Kaduna, a Ladipo ta Legas, kullum ana yi. A cire mai fulogi shida a sa mai huɗu don a rage shan mai. A cire injekta a mayar da mota kafireto saboda mai gyaran bai san kan ƙwaƙwalwar motar ba. A sa injin Toyota a motar da ba Toyota ba don kayansa sun fi samuwa. Wani aikin yana kyau ƙwarai, ka hau ba za ka gane ba. Wani kuma daga ranar motar ta shiga jinya kenan, yau obahitin, gobe giya ba ta shiga.

Ba basira muka rasa ba, wannan kam ko maƙiyi ya sani. Abin da babu shi ne ma'auni. Yaron da ya shekara bakwai a gareji ya iya kwance inji ido rufe, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa dalilin da ya sa aka sa tamostat. Shi ya sa abu na farko da ake yi wa motar da ta sauka daga Kwatano shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin ya riƙa aiki a sanyaye, ya ƙara shan mai, ya riƙa cin kansa a hankali, mai mota kuma yana ta godiya. Haka ake fasa tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi a sayar. Duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya jurewa. Amma yanzu an shigo da wani abu da ba ya yafe ganganci.

Ina nufin gas. Bayan cire tallafi gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci su koma amfani da CNG, da burin mota miliyan ɗaya kafin 2027. A takarda dabara ce mai kyau: muna da iskar gas, ta fi fetur araha nesa ba kusa ba, kuma ba sai ka sauya inji ba, kayan haɗi ake ƙarawa da tukunya. Wannan shi ne ainihin sauyin da ke faruwa a motocinmu, ba injin jirgi ba. Matsalar ita ce kayan haɗin na gaske suna da tsada, kuma wuraren haɗawa da gidajen sayar da gas ɗin sun fi yawa a Legas da Abuja da Benin, a Arewa kuwa ba su da yawa. Duk inda abu ke da tsada kuma ake buƙatarsa, ka san mai walda zai ce shi ma ya iya.

A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse tana shan gas a wani gidan mai a Benin, mutane suka ji munanan raunuka. Hukumar shirin ta ce tukunyar da ke cikin motar ba ta ƙa'ida ba ce, haɗin walda ce. Ga dalilin da ya sa wannan ba wasa ba ne. Gas ɗin girki da ke kicin ɗinku matsinsa bai kai bar 10 ba. CNG ana dura shi ne a bar 200, wato sama da ninki ashirin. Mutumin da ya saba gyara tukunyar girki yana ganin duk gas gas ne. Kuma ba mai motar kaɗai ke cikin haɗari ba. Kai da ka tare ta a bakin titi za ka makaranta, ke da kika shiga da ƙaninki za ku kasuwa, a kan tukunyar kuke zaune.

A ganina a nan ya kamata surutunmu na intanet ya koma. Maimakon a sa bidiyon wani yaro da ya haɗa mota da gwangwani a yi ta kiran sunan gwamna, mu tambayi abin da za a iya amsawa. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, kanikawa nawa ta horar a jiharku kan gas, kuma ta yaya mai mota zai gane wanda aka horar da wanda ya koya a YouTube? Jami'an VIO da ke tare hanya, suna buɗe but su duba tukunya, ko takarda kawai suke nema? Kwalejojin fasaha da ke jihohinmu, me ya hana su buɗe ajin yamma ga yaran gareji, a ba su shaida, ba sai sun kawo sakamakon WAEC ba? Misalin cewa abin yana yiwuwa yana Maiduguri. Mustapha Gajibo ya fara ne da cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir da injin lantarki, suka yi ta ɗaukar fasinja a cikin gari da kuɗi kaɗan. Shi ma sauya inji ne a tsohuwar mota. Bambancinsa da na bidiyon shi ne ya fara da tambayar abin da mutanen garinsu ke buƙata, sannan ya yi lissafin nauyi da nisa da caji kafin ya taɓa sifana.

In kuma motar gidanku ce ake shirin yi wa sabon inji, ko wane iri ne, akwai abin da kanikawa ba sa tunawa su faɗa. Takardun mota suna ɗauke da lambar inji. Ranar da aka sauya, lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe sun rabu, kuma a shingen bincike wannan kaɗai ya isa a ce motar sata ce sai ka kawo hujja. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin daga wanda ya sayar, a je a gyara takardu. In akwai inshora ta gaske, su ma a sanar da su, don kada ranar biya su ce ba wannan motar suka sani ba.

Ita kuma tukunyar gas, ba sai ka zama injiniya ba kafin ka raba ta gaske da ta bogi. Ta girki tana da layin walda da ya zagaye cikinta, kana gani kana shafawa. Ta CNG ta ƙarfe ba ta da ɗinki ko ɗaya, a dunƙule ake ƙera ta, kuma a wuyanta ko a jikin tambarinta za ka ga an buga matsin da take ɗauka da shekarar da aka yi ta da shekarar da za a daina amfani da ita. In direba ya buɗe but zai sa jakarka ka hango layin walda a jikin tukunya, ɗauki jakarka ka jira ta gaba.